Hannun da Zai Ɗinke Fuska



Makon jiya bayan sallar isha'i ɗan ƙanwata ya same ni a zaure, a nan cikin birni. Yana ajin ƙarshe na karatun likita a Jami'ar Bayero. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya yi ta kame-kame, can dai ya ce, "Kawu, so nake ka yi wa Umma magana." Na ce, "Maganar me? Ko aure ne ya taso?" Ya ce a'a. Wai ya gaya mata fannin da yake son ya ƙware a kai idan ya gama, ita kuma ta ce ba da yawunta ba. Kalmar da ta shiga kunnenta ita ce "filastik", abin da ta hango kuma shi ne ɗanta a Legas yana rage wa 'yan fim tumbi yana ƙara musu ƙugu. Ta ce shekara shida tana zubin adashi, ashe wannan ta yi wa.

Ban ga laifinta ba. Sunan ne da kansa ya cuci sana'ar. Da yawanmu in mun ji filastik sai mu tuna bokitin roba na Kasuwar Ƙofar Wambai. Alhali kalmar daga Girkanci take, ma'anarta kuwa mulmulawa da siffantawa, irin yadda maginiya take juya yumɓu har ya zama tulu. Gyaran jiki na kwalliya wani ɗan reshe ne a cikinta. Gangar jikin aikin, musamman a ƙasa irin tamu, ita ce mayar wa mutum abin da wuta, ko haɗari, ko cuta ta ƙwace masa, ko abin da aka haife shi babu.

Ku leƙa gidajenmu idan hunturu ya kankama. Kasko cike da garwashi a tsakar ɗaki, yaro mai rarrafe yana kewaya shi. Tukunyar ruwan wankan jego a kan murhu. Man suyan ƙosai da na awara a bakin hanya, yara na guje-guje. Mai injin markaɗe da bel ya fizgi yatsunsa. Ga kuma manyan masifu da ba mu manta ba: wutar da aka cinna a masallaci a yankin Gezawa a watan Mayun 2024, wadda aka kwaso waɗanda suka ƙone zuwa Asibitin Murtala, da tankar man da ta fashe a Majiya ta Jihar Jigawa a watan Oktoban 2024, ta hallaka sama da mutum 150. Wanda ya tsira daga irin wannan, ranar da aka kashe wutar ranar wahalarsa ta fara. Fatar da ta ƙone sosai ba ta tsirowa da kanta. Sai likita ya yanko 'yar siririyar fata daga cinya, ya huhhuda ta kamar raga domin ta miƙe ta rufe wuri mai faɗi, ya shimfiɗa a kan ciwon, ya ɗaure, a zauna jiran ta kama. In ba a yi haka ba, tabo ya janye, haɓa ta manne da ƙirji, yatsu su dunƙule a tafin hannu.

Tunda maganar ta kawo mu nan, bari in ɗan ratse. Don Allah idan yaro ya ƙone, a bar fasa masa ƙwai, a bar man goge baki da manja da gishiri. A sa wurin ƙarƙashin ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, na kamar minti ashirin, a rufe da tsumma mai tsabta, a nufi asibiti.

To, mu koma kan ɗan ƙanwata. Bayan na yi masa alkawarin zan ga mahaifiyarsa, sai na juya tambayar kansa. Na ce, "Kai da kake so, wa ya ce maka za a ɗauke ka? Me ake dubawa?" Abin da ya gaya mini, da abin da na tattaro daga bakin likitocin da muke zaman majalisa da su, shi na kawo muku yau, domin na san akwai iyaye da ɗalibai da yawa da ke cikin wannan lissafi.

Hanyar doguwa ce, gara a san wannan tun daga ƙofa. Shekara shida a jami'a, idan yajin aiki bai ƙara ba. Shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti, kafin hukumar likitoci ta ƙasa ta ba ka cikakkiyar rajista. Shekara ɗaya ta hidimar ƙasa. Sannan ka shiga sahun likitoci masu neman ƙwarewa, inda za ka fara zagaya sassan tiyata daban-daban, ka ci jarrabawar mataki na ɗaya, kana ka zauna a sashen ƙuna da gyaran halitta har ka rubuta kundin bincike ka ci ta ƙarshe. Wannan zangon kaɗai yakan ci wajen shekara shida. Ku haɗa da kanku. Yaron da ya shiga jami'a yana ɗan sha takwas, sai ya haura talatin kafin a kira shi ƙwararre, in komai ya tafi daidai ke nan.

Ƙofar farko jarrabawa ce da likitoci suke kira firamare, kada ku ɗauka ta 'yan makarantar Shahuci ce. Kwalejoji biyu ke shirya ta: Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979, da Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma, wadda tushenta ya faro tun 1960. Abin da ake tambaya a cikinta shi ne ilimin ƙirar jiki, da yadda gaɓoɓi ke aiki, da yadda cuta ke ɓata su, wato galibi karatun da ɗalibi ya yi a shekarunsa na farko a tsohuwar harabar jami'a kafin ya koma Asibitin Malam Aminu Kano. A nan ake fara rabuwa. Mai wayo yakan zauna mata tun yana hidimar ƙasa, karatun bai huce a kansa ba. Wani kuwa sai ya ce bari in ɗan tara kuɗi tukuna, ya kama aiki a asibitin kuɗi, safe wani wuri dare wani wuri, ya yi aure, ga haihuwa, ga kuɗin haya. Bayan shekara biyar ya buɗe littafin sai ya ga kamar da Sinanci aka rubuta. Asibiti idan ya buga tallar ɗaukar masu neman ƙwarewa, takardar firamare ce abin da ake fara nema, wanda ba shi da ita ko zauren ba zai shiga ba.

Amma masu takardar suna da yawa, guraben kuwa 'yan kaɗan ne. A nan ne nake son in daɗe, domin abin da ke raba su abu ne da mu mutanen cikin birni muka fi kowa sani, sai dai ba mu taɓa kawo shi kusa da asibiti a tunaninmu ba.

Ku je Soron Ɗinki, ko wajen dukawa, ko ku zauna kusa da mai aikin babbar riga. Yaya maigida yake zaɓen yaron da zai damƙa wa wuyan riga mai aska takwas? Ba ya shirya jarrabawa. Shekara da shekaru yaron na gabansa, yana murza zare, yana share zaure, yana riƙe gefen yadi. Maigida yana kallonsa ta wutsiyar ido. Ya san wanda ke zuwa kafin rana ta fito, ya san wanda in ya yi kuskure zai warware ya sake, ya kuma san wanda zai lulluɓe kuskuren da wani ɗinkin ya yi shiru. Ranar da babban aiki ya zo, ba ya dogon tunani.

Haka manyan likitocin tiyata suke, ko sun faɗa ko ba su faɗa ba. Ɗalibin da ya zo sashensu na 'yan makonni don a sa masa hannu a littafi ya wuce, ba su riƙe ko sunansa. Wanda suke tunawa shi ne wanda ya dawo a lokacin hutu ba wanda ya kira shi. Kuma ba ɗakin tiyata kaɗai ba, domin kowa na son ɗakin tiyata, akwai sanyin na'ura, akwai burgewa. Ɗakin masu ƙuna ake gane mutum. Wanda ya taɓa shiga ya san abin da nake nufi: zafi, da ƙarni, da kukan yaro lokacin da ake ɓare masa bandeji. Wankin ciwon mutum ɗaya yakan ci awa guda ko fiye. Ɗan ƙanwata ya ce ranar farko da ya shiga sai da ya fita ya jingina da bango. Wata tsohuwar nas ta bi shi da ruwa a kofi ta ce, "Ɗana, sha ka dawo. In ka tafi yau, ba za ka sake shigowa ba." Ya sha ya koma. Kuma ku sani, babban likita yakan tambayi irin waɗannan nas-nas ɗin game da yaro kafin ya rubuta masa takardar shaida. Su suke ganin abin da ake yi da ƙarfe biyun dare.

Wani zai ce, ai Malam wannan shi ne "hanya" da muke kuka da ita, wa ka sani wa ya san ka. Ina ganin akwai bambanci, kuma ya kamata mu riƙe shi. Wanda aka sani saboda an ga aikin hannunsa daban, wanda aka sani saboda katin wani babba da ya riƙo daban. Na biyun yana faruwa, ba zan zauna a nan in ce muku ba ya faruwa ba. Sai dai kati iyakarsa ya shigar da kai. Masu jarrabawar kwaleji daga wasu garuruwa suke zuwa, ba su san kawunka ba, za su ajiye maka marar lafiya su ce duba shi ka gaya mana. Kuma jijiyar da ta fi tsinken tsintsiya siranta, wadda ake ɗinkewa ƙarƙashin madubin ƙara girma da zaren da ya fi gashin kai siranta, ba ta san ɗan wane ba.

Mu a Kano ma ba mu da uzurin cewa babu inda za a je a koya. Asibitin Ƙashi na Dala, nan Ƙofar Ruwa, yana nan tun 1959, kuma yana da sashen ƙuna da gyaran halitta. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da aka kafa a 1988, yana da nasa ƙwararrun. Asibitin Murtala kuwa, a bakin Ƙofar Mata, cinkoson marasa lafiyarsa kaɗai makaranta ne. Ɗalibin da ke kwana a Yakasai ko Gwammaja ko Mandawari, kuɗin Adaidaita Sahu ne tsakaninsa da waɗannan wurare. Wanda ya ƙara himma ya leƙa Sakkwato, inda tun 1999 ake da asibiti na musamman na yara masu cutar noma. Sunan ba shi da alaƙa da gona, wata cuta ce da ke farawa daga dasashin yaron da yunwa ta raunana, cikin 'yan kwanaki ta zaizaye kunci da leɓe har hanci. Ƙungiyar likitoci ta MSF tana aiki a can tun 2014, ƙwararru na zuwa daga ƙasashe ana sake gina fuskokin yara. Najeriya ce ma ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cutar cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, a watan Disambar 2023. Matashin likitan da ya yi ko da mako biyu yana riƙe ƙarfe a irin wannan aiki, idan ya zauna gaban masu tantancewa aka ce me ya sa kake son wannan fanni, yana da abin faɗa wanda ba haddacewa ya yi ba.

Sai maganar bincike da rubutu. A Amurka wannan fanni yana cikin waɗanda aka fi rububi a kansu, kuma tun da aka daina ba da maki a jarrabawarsu ta matakin farko a watan Janairun 2022, aka koma ko ka ci ko ka faɗi, sai nauyi ya ƙara komawa kan yawan maƙalun da ɗalibi ya buga da wasiƙun manyan malamai. Har akwai masu ajiye karatu shekara guda cur don bincike kawai. Mu ba mu kai can ba, kuma ba na fatan mu kai, domin tseren tara takarda yakan haifi rubutun da babu mai karantawa. Amma ɗalibin da ya zauna ya bi fayil-fayil na shekara biyu ko uku, ya ƙirga yara nawa aka kawo da ƙuna, a wane wata, me ya ƙona su, kwana nawa suka yi a gida kafin a kawo su, me aka shafa musu, ya rubuta tare da malaminsa ya gabatar a taron likitoci, wannan ya jefi tsuntsu biyu. Ya koyi abin da zai buƙata ranar rubuta kundinsa na ƙarshe, sannan sunansa ya shiga kunnen manyan fannin, waɗanda a ƙasar nan ba su da yawa, kusan duk sun san juna.

Akwai kuma abin da ba ya hannun ɗalibi, kuma rashin adalci ne a yi shiru a kansa. Gurbin neman ƙwarewa a asibitin tarayya aikin gwamnati ne, da albashi. In ba a ba asibiti izinin ɗaukar ma'aikata ba, ko kai ne na ɗaya a ajinku sai ka jira. Shi ya sa da yawa suke bi ta wata ƙofar: su kama aiki da jiha, jihar ta tura su horo asibitin tarayya tana biyan albashinsu, da sharaɗin su dawo su yi mata aiki. Wannan ƙofa tana buɗewa ne gwargwadon yadda masu riƙe da ma'aikatar lafiya suka damu. An sa hannu a dokar horar da likitoci masu neman ƙwarewa a 2018, akwai kuma asusun da aka ware don kuɗin jarrabawa da kwasa-kwasai, amma ku da kanku kun sha jin sunan wannan asusu a labarai duk lokacin da likitoci suka tafi yajin aiki. Ga kuma masu haɗa jaka su tafi Ingila da Saudiyya. Idan babban likita ɗaya ya tafi, ba shi kaɗai aka rasa ba, domin kwaleji tana duba yawan malamai da kayan aiki kafin ta amince wa asibiti ya horar, da kuma adadin da zai ɗauka. Ina roƙon masu hannu da shuni na Kantin Kwari da Singa, masu gina masallatai da rabon abinci da azumi, Allah ya saka musu, su tuna ɗaukar nauyin likita ɗaya har ya ƙware shi ma abin a sa a lissafi ne.

'Ya'yanmu mata fa? Na ji masu cewa tiyata ba ta mace ba ce, tsayuwar awa shida, kiran dare, ga miji ga goyo. Wahalar gaskiya ce. Amma ku tambayi matar da wuta ta ci ƙirjinta, ko wadda aka cire wa nono saboda ciwon daji, wa take so ya duba ta. Yarinyar da ta tashi tana zanen lalle da ɗinkin hula zanna tana da hannun da ake nema. Abin da ke yanke mata hukunci galibi ba a asibiti yake ba, yana gidan da ta shiga: mijin da zai yi haƙuri da tuwon da bai samu a kan lokaci ba, da uwar mijin da za ta karɓi jariri ranar da take kwanan aiki. Masu zuwa neman auren likita, a yi wannan magana tun kafin a kai lefe.

Waɗanda suka yi karatunsu a Sudan ko Masar ko Indiya kuwa, su fara tsallake jarrabawar hukumar likitoci ta ƙasa, daga nan hanyarsu ɗaya da kowa.

Na je wajen ƙanwata ranar Juma'a da yamma. Ban yi mata dogon turanci ba. Na ce, "Kin tuna 'yar maƙwabtanmu ta tsohon gida, wadda ta faɗa kaskon wuta tana rarrafe?" Ta ce ta tuna, yarinyar da hannunta ya dunƙule kamar ta riƙe goro, har ta girma tana ɓoye shi cikin hijabi. Na ce, "Kin san an yi mata aiki?" Ta ce ta ji, har ta gan ta a wani biki tana rabon alawa da hannun. Na ce, "To wanda ya buɗe yatsun nan ɗaya bayan ɗaya, ya ɗebo fata daga cinyarta ya lulluɓe, irin aikin da ɗanki yake so ke nan. Da jaririn da ake haifa da tsagaggen leɓe, a ɗinke masa yana ɗan wata uku, in ganɗarsa ma a tsage take a gyara kafin ya fara magana."

Ta yi shiru tana jan carbi. Can ta ce, "Yaya, shekara nawa ka ce?" Na gaya mata. Ta ce, "Innalillahi. To auren fa?" Na ce wannan kuma zama na gaba ne.

Da zan fita na tarar da shi a bakin madafa, ya sa fitilar waya a baki, ya baje cinyar kaza a kan faranti, ya tsaga fatar da reza yana ɗinkewa da wata lanƙwasasshiyar allura da ya roƙo a asibiti. Ya yi ɗinki takwas, ya duba, ya warware uku. Uwar ta leƙo ta taga ta ce, "Wannan kazar ta miyar dare ce fa. In ka gama yi mata tiyatar ka cire zarenka tas, kada Abbanku ya tauna."